Kiɗan heavy metal: An daɗe ana barin jaki ana dukan taiki

A ranar Asabar 5 ga watan Yulin 2025, fiye da mutum 40,000 suka cika filin wasa na Villa Park da ke birnin Birmingham a Ingila. Ba kallon ƙwallo ya kai su ba. Sun je ne yin bankwana da wasu dattawa huɗu, babu wanda bai kai shekara 75 ba a cikinsu, waɗanda suka kafa ƙungiyar makaɗa ta Black Sabbath a wannan unguwa ta Aston a shekarar 1968.

Mawaƙin ƙungiyar, Ozzy Osbourne, a zaune ya yi waƙa a kan wata baƙar kujera mai kama da karagar mulki, saboda cutar Parkinson ta hana shi tsayuwa. Manyan ƙungiyoyi irin su Metallica da Slayer da Pantera kowacce ta yi 'yan waƙoƙi ta sauka, domin ranar ta na gaba ce. An ware ribar taron ga asibitin yara na Birmingham, da wani gidan kula da yara masu matsananciyar jinya, da wata gidauniyar neman maganin Parkinson. Kwana 17 bayan haka, ranar 22 ga Yuli, Ozzy ya mutu yana da shekara 76.

Wanda bai saba da wannan kiɗa ba, idan ya ci karo da shi a wayarsa, abin da zai fara ji shi ne hayaniya: jita mai ƙara kamar injin niƙa, ganguna kamar ana ruwan ƙanƙara a kan kwano, ga mawaƙi yana ihu. Idan ya duba hoton faifan kuma ya ga ƙoƙon kan mutum da baƙaƙen kaya, sai ya yanke hukunci nan take. Ba shi ne na farko ba. Fiye da shekara 50 ke nan iyaye da malaman addini da 'yan siyasa da alƙalai a ƙasashe da dama suna tuhumar wannan kiɗa da lalata matasa.

Babu wanda aka wajabta wa son kiɗan, kuma akwai abubuwan ƙi a cikinsa. Amma idan aka bi tarihin faifan da masoyansa suka fi so, da tarukan da suke tattaki zuwa gare su, za a ga cewa abin da aka fi tsoro a kansa da wuya ya kashe kowa. Abin da ya kashe mutane, ya kurumtar da wasu, ba a cika maganarsa ba.

Daga masana'antar ƙarfe

Ma'anar sunan da Hausa ita ce ƙarfe mai nauyi, kuma sunan ya dace da inda kiɗan ya fito. Birmingham gari ne na maƙera da masana'antu. Makaɗin jitar Black Sabbath, Tony Iommi, yana ɗan shekara 17 yana aiki a wata masana'antar farantin ƙarfe, a ranar da zai ajiye aikin inji ya datse masa kan yatsu biyu na hannun dama. Shi bahago ne, don haka da wannan hannun yake danna tsirkiyar jita.

An ce masa ya manta da kiɗa. Sai ya narkar da robar kwalbar sabulun wanke kwanuka ya ƙera wa yatsun hula, ya liƙa musu fata, ya koma amfani da tsirkiya marar kauri. Daga baya ya sassauta ɗaurin tsirkiyar don rage zafin dannawa, abin da ya ƙara wa sautin kauri da nauyi. Wannan sauti shi ne dubban ƙungiyoyi suka kwaikwaya daga baya.

Faifan ƙungiyar na farko, wanda aka ɗauki kusan dukkansa a yini guda, ya fito ranar Juma'a 13 ga Fabrairun 1970. Masu sharhin waƙoƙi na lokacin sun kushe shi. Yaran ma'aikata kuwa suka yi ta saye. A watan Satumban shekarar sai ga na biyu, Paranoid, wanda ya hau matsayi na ɗaya a jerin faifan da aka fi saye a Birtaniya.

Faifan da ake gardama a kansu

Masoyin heavy metal ba ya cewa waƙa kaza yake so. Faifai yake ambata, da shekarar da ya fito, da sunan wanda ya kaɗa ganguna a ciki. Wanda ya tashi a zamanin kaset, lokacin da ake zama a saurari Shata daga farkon fuska har ƙarshenta sannan a juya, zai gane wannan ɗabi'a.

A shekarar 2017 mujallar Rolling Stone ta Amurka ta fitar da jerin faifan heavy metal 100 da ta ce sun fi fice. Paranoid ne ya zo na ɗaya, Master of Puppets na Metallica na biyu, British Steel na Judas Priest na uku, sai The Number of the Beast na Iron Maiden na huɗu. Jerin bai kashe gardama ba, sai ma ya ƙara mata wuta, amma waɗannan sunaye da wuya a rasa su a bakin masoya.

Abin lura shi ne me waƙoƙin ke cewa. Waƙar da ta buɗe Paranoid, War Pigs, suka ce ga shugabannin da ke hura wutar yaƙi su tura 'ya'yan talakawa su mutu, kuma ta fito ne ana tsaka da yaƙin Vietnam. Wata waƙar a faifan gargaɗi ce kan yadda hodar iblis da danginta ke cinye sojojin da suka dawo daga fagen daga.

Master of Puppets, wanda ya fito a watan Maris na 1986, waƙoƙi takwas ne cikin kusan minti 55. Waƙar da aka sa wa faifan sunanta tana bayyana yadda ƙwaya ke mayar da mai shanta bawa, tana juya shi kamar 'yar tsana. Akwai waƙa kan matasan da ake zubarwa a yaƙi, akwai kuma wadda ke sukar masu wa'azin da suka mayar da addini hanyar tatsar kuɗin mabiya. Faifan ya bazu ba tare da bidiyon talla ba, kuma gidajen rediyo ba su cika sa shi ba. Wata shida da fitowarsa, ranar 27 ga Satumba, motar ƙungiyar ta kife a Sweden, makaɗinsu Cliff Burton ya mutu yana ɗan shekara 24. Wannan rashi ya ƙara wa faifan daraja a zuciyar masoya. Bayan shekara 30 ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka ya sa shi cikin taskar sautukan da ƙasar ke adanawa, kuma shi ne faifan heavy metal na farko da ya samu shiga.

The Number of the Beast na 1982 kuwa sunansa da hoton bangonsa sun sa wasu ƙungiyoyin Kiristoci a Amurka suka tara shi suka cinna masa wuta. Amma waƙar da ta fi shahara a cikinsa labarin yadda Turawa suka ƙwace ƙasar 'yan asalin Amurka ne. Iron Maiden ta ci gaba da ɗauko waƙoƙinta daga tarihi da adabi: yaƙin Crimea, fir'aunonin Masar, Iskandar na Makidoniya.

Masu son gudu da zafi su kuma Reign in Blood na Slayer suke ɗagawa, waƙoƙi 10 cikin ƙasa da rabin sa'a. Wasu na cewa Metallica ta sayar da kanta lokacin da ta sassauta salo a baƙin faifanta na 1991, duk da cewa ya sayar da fiye da kwafi miliyan 16 a Amurka kaɗai. A wannan duniya, yawan ciniki ba shi ne ma'aunin daraja ba, har ma yakan zama abin gori.

Gani ya kori ji

Duk son da ake yi wa faifai, masoya na ɗaukarsa share fage. Asalin abin yana wurin taro, inda sauti ke dukan ƙirji kafin ya isa kunne, kuma dubban mutane ke rera amshi da murya ɗaya. Shi ya sa faifan da aka naɗa a gaban jama'a ke da nasu matsayi. No Sleep 'til Hammersmith na Motörhead ya zo na ɗaya a Birtaniya a 1981, kuma har yau ana ambaton Live After Death na Iron Maiden na 1985.

Wannan na biyun ya fito ne daga wani rangadi na kusan wasanni 190 da ƙungiyar ta fara a Poland a watan Agustan 1984, lokacin da ƙasar ke ƙarƙashin mulkin gurguzu kuma makaɗan Yamma ba su cika zuwa da cikakkun kayansu ba. Shekaru bayan haka, mawaƙin ƙungiyar Bruce Dickinson, wanda matuƙin jirgin sama ne mai lasisi, ya riƙa tuƙa jirgin da ke ɗauke da makaɗan da kayansu daga nahiya zuwa nahiya, Boeing 757 a 2008, sannan Boeing 747 a 2016.

Ranar 28 ga Satumban 1991, makonni kaɗan bayan yunƙurin juyin mulkin da ya ci tura a Tarayyar Sobiyet, an yi taron kiɗa kyauta a filin jirgin sama na Tushino da ke Mosko. AC/DC da Metallica da Pantera suka yi wasa a gaban dubban ɗaruruwan matasa, sojoji na tsaye suna gadi, jirage masu saukar ungulu na shawagi a sama. Wata uku bayan haka Tarayyar Sobiyet ta wargaje. Ba kiɗan ne ya rushe ta ba, amma waɗanda suka halarci taron sun ga abin da ba zai yiwu ba shekara 10 kafin nan.

A arewacin Jamus akwai wani ƙauyen manoma mai suna Wacken, mazaunansa kimanin 2,000 ne. A 1990 wasu samarin ƙauyen suka shirya taron kiɗa da mutum ɗaruruwa suka halarta. Yanzu duk shekara kimanin mutum 85,000 ke sauka a gonakin ƙauyen daga ƙasashe daban-daban, kuma tikiti kan ƙare tun kafin a gama sanar da makaɗan da za su zo. Cikin masu yin wasa har da 'yan badujalar hukumar kashe gobara ta ƙauyen. A 2013 kuma Metallica ta yi wasa a nahiyar Antatika, inda masu sauraro suka sa abin ji a kunne maimakon a kunna lasifika, don kada a dami halittun wurin.

A gaban dandamali akan buɗe wani fili inda matasa ke zagaye suna bangazar juna da kafaɗa. Mai kallo daga nesa zai ɗauka faɗa ne ya kaure. Amma akwai ƙa'idar da kowa ya sani: duk wanda ya faɗi, na kusa da shi su ɗaga shi nan take. Makaɗa da dama kan dakatar da waƙa idan suka hango an danne wani.

Ba Turawa kaɗai ba

Ana yawan ɗaukar kiɗan a matsayin na fararen fata, amma ya daɗe da ƙetare wannan iyaka. A Brazil, ƙungiyar Sepultura ta shiga daji wurin al'ummar Xavante ta naɗi waƙa tare da su a faifanta Roots na 1996. A Botswana akwai masoya da suka yi suna da shigar baƙar fata da malafar makiyayan shanu, kuma ƙungiyar Overthrust na shirya taro duk shekara a garin Ghanzi da ke cikin hamadar Kalahari, inda ake tara tallafi ga yara marasa galihu.

A Indonesiya, ƙasar da ta fi kowace yawan Musulmi a duniya a tsawon shekaru, tsohon shugaban ƙasa Joko Widodo bai taɓa ɓoye son da yake yi wa Metallica ba. A 2013, yana gwamnan Jakarta, wani makaɗin ƙungiyar ya aiko masa da kyautar jita, sai ya miƙa ta ga hukumar yaƙi da cin hanci kamar yadda doka ta tanada. A 2017 firaministan Denmark ya kawo masa tsarabar Master of Puppets, shi ma ya kai rahoto, sannan ya biya kuɗinsa daga aljihunsa kafin ya riƙe. Daga wannan ƙasa ne kuma 'yan mata uku masu hijabi na ƙungiyar Voice of Baceprot, waɗanda suka haɗu a wata makarantar Islamiyya a yankin Garut, suka hau dandamalin bikin Glastonbury na Ingila a 2024.

Waɗanda baƙar riga ta jawo wa hukunci

Tsoron wannan kiɗa ba a baki kawai ya tsaya ba, ya kai mutane kurkuku. A 1985 kwamitin majalisar dattawan Amurka ya yi zaman sauraron ƙorafi kan kalaman waƙoƙi, abin da ya kai ga liƙa tambarin gargaɗi ga iyaye a bangon faifai. Wannan mataki ne mai ma'ana, domin ya bar wa iyaye zaɓi. Abin da ya biyo baya a wasu wurare ne ya wuce gona da iri.

A 1990 aka gurfanar da Judas Priest a wata kotu a Reno da ke jihar Nevada, bisa zargin cewa ta ɓoye saƙo a cikin faifai wanda ya sa wasu samari biyu suka harbi kansu. Bayan makonni ana sauraron ƙwararru, alƙali ya ce ƙungiyar ba ta da alhakin abin da ya faru. Shari'ar ta fito da matsalolin da samarin ke fama da su tun da farko, na shaye-shaye da rikicin gida.

A jihar Arkansas, bayan kisan wasu yara uku a 1993, an kama matasa uku aka yanke musu hukunci a 1994, ɗaya na kisa. Cikin abubuwan da masu gabatar da ƙara suka nuna wa kotu har da baƙaƙen tufafi da irin kiɗan da suke saurare. Sai a 2011 aka sake su, bayan gwajin ƙwayoyin halitta ya kasa danganta su da wurin da aka yi kisan. Sun shafe shekara 18 a tsare.

A Alƙahira, a watan Janairun 1997, jami'an tsaro sun bi gida-gida suka kwashe gomman matasa bisa zargin bautar shaiɗan, daga baya aka sake su saboda babu hujja. A Casablanca ta Maroko, a 2003, kotu ta ɗaure makaɗa da masoya 14, daga wata ɗaya zuwa shekara ɗaya, kuma rigunansu da faifansu na cikin shaidun da aka gabatar. Jama'a suka fito zanga-zanga, kotun ɗaukaka ƙara ta wanke 11 daga cikinsu ta rage wa sauran.

A duk waɗannan wurare hanyar ɗaya ce. An ga shiga da ba a saba gani ba, an ji sauti marar daɗin ji, sai aka tsallake bincike aka tafi kai tsaye ga hukunci. Wani ɗan ƙaramin bincike da aka yi a Jami'ar Queensland ta Ostiraliya a 2015, a kan mutum 39, ya nuna cewa masoyan irin wannan kiɗa idan suka saurare shi cikin fushi, fushin ba ya ƙaruwa, hasali ma sukan samu natsuwa. Mutum 39 ba su isa a rufe magana ba, amma masu cewa kiɗan ne ke haifar da ta'addanci su ma ba su kawo hujjar da ta tsaya a kotu ba.

Abin da bai kamata a ɓoye ba

Adalci ya buƙaci a faɗi ɗaya ɓangaren. Akwai ƙungiyoyin da ke wasa da sunan shaiɗan da izgili ga addini, wasu don jan hankalin masu saye, wasu da gaske. Mai imani da ya ce ba zai saurari irin wannan ba, ko ba zai bar shi a wayar ɗansa ba, yana kan gaskiyarsa, kuma babu wanda ya isa ya kira shi baƙauye.

A Norway, farkon shekarun 1990, wasu tsirarun matasa masu wani reshe na kiɗan sun ƙona majami'u, ciki har da tsohuwar majami'ar katako ta Fantoft a 1992. Ɗaya daga cikinsu, Varg Vikernes, ya kashe abokin kiɗansa a 1993, aka ɗaure shi shekara 21. Waƙar Slayer kan likitan 'yan Nazi Josef Mengele ta sa wani babban kamfani ya ƙi rarraba faifan. Giya da ƙwaya sun halaka makaɗa da yawa, kuma Ozzy kansa ya shafe shekaru yana shiga yana fita gidajen gyaran hali.

Bambancin shi ne, a Norway an hukunta mutane ne kan wutar da suka cinna da ran da suka kashe, da shaidu a gaban kotu. A Casablanca da Arkansas kuwa riga da faifai aka tuhuma. Na farko shari'a ce, na biyu zalunci ne, ko da kuwa wanda aka zalunta ba ya burge kowa.

Inda hatsarin yake

Yayin da ake neman saƙon ɓoye a cikin faifai, mutane na mutuwa a bainar jama'a. A 1988, a babban taron Donington na Ingila inda fiye da mutum 100,000 suka taru, matasa biyu sun mutu bayan an danne su cikin taɓo a gaban dandamali. A 1992 a Montreal, wutar ado da ake harbawa a kan dandamali ta ƙone mawaƙin Metallica James Hetfield a hannu da fuska.

Mafi muni shi ne na daren 20 ga Fabrairun 2003, a wani gidan rawa mai suna The Station a jihar Rhode Island ta Amurka. Ƙungiyar Great White na fara wasa aka kunna wutar ado, tartsatsi ya kama soson da aka liƙa a bango don rage ƙara. Cikin 'yan mintoci ginin ya kama baki ɗaya. Yawancin mutane suka nufi ƙofar da suka shigo ta cikinta, suka cushe a wurin. Mutum 100 suka mutu, fiye da 200 suka jikkata. Ginin ba shi da na'urar yayyafa ruwa idan gobara ta tashi. A watan Disambar 2004 kuma wani ɗan bindiga ya hau dandamali a Columbus ta jihar Ohio ya harbe fitaccen makaɗin jita Dimebag Darrell har lahira.

Babu ɗaya cikin waɗannan da kalaman waƙa suka haddasa. Cunkoso ne, da kayan gini masu kama wuta, da ƙarancin ƙofofi, da sakacin tsaro. Bayan kowane bala'i an ƙara tsaurara dokoki: shingen da ke rarraba jama'a gida-gida, ƙayyade yawan masu shiga, jami'an agaji a gaban dandamali. Lokacin da ruwan sama ya mayar da filin Wacken taɓo a 2023, masu shirya taron sun dakatar da shiga, dubban masu tikiti suka koma gida. Asarar kuɗi ce babba, amma ita ce shawarar da ta dace.

Sai kuma hatsarin da ba ya zubar da jini. A 2016 likitoci suka gargaɗi mawaƙin AC/DC Brian Johnson cewa ya daina rangadi ko ya kurumce gaba ɗaya, dole ya sauka ana tsakiyar tafiya. Makaɗin gangunan Metallica Lars Ulrich ya daɗe yana bayyana yadda yake fama da ƙarar da ba ta yankewa a kunnensa. Ƙwayoyin ji da ke can cikin kunne idan suka mutu ba sa sake tsirowa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce fiye da matasa biliyan ɗaya, 'yan shekara 12 zuwa 35, na cikin haɗarin rasa ji saboda sauraron sauti mai ƙarfi. A ƙiyasinta, babba zai iya sauraron sauti mai ƙarfin desibel 80 na tsawon sa'a 40 a mako ba tare da illa ba, amma idan ya kai desibel 90, lokacin ya ragu zuwa sa'a 4 kacal. A 2022 hukumar ta ba da shawarar kada matsakaicin ƙarar wuraren taro ya wuce desibel 100.

A nan ne maganar ta daina zama ta mutanen Birmingham ko Wacken kaɗai. Kunne bai san bambancin jitar Metallica da waƙar biki ba. Matashin da ke yini da iyafis a kunne ya ƙure ƙarar waya, da yaron da aka zaunar a gindin lasifika a wurin biki ko gangamin siyasa, duk suna cikin lissafin hukumar. Haka ma ɗakin taron da aka cika maƙil aka bar ƙofa ɗaya a buɗe, ko wane irin kiɗa ake yi a ciki, ko da ma ba kiɗan ake yi ba.

Abin da ya dace a ɗauka

Masoyan heavy metal sun riƙe wasu ɗabi'u da suka cancanci a duba. Suna sauraron aiki daga farko har ƙarshe a zamanin da waƙa ke tashe na mako biyu ta ɓace. Suna sayen faifai da riga da tikiti, wanda shi ne ke ciyar da makaɗi yanzu da kuɗin sauraro ta intanet bai taka kara ya karya ba. Ba sa yar da makaɗi don ya tsufa. Da yawansu a yau ba sa zuwa taro sai da abin toshe kunne a aljihu, domin sun ga abin da ya samu na gaba da su.

Hukumomi da iyaye su ma akwai nasu rabon. Uban da ya ga baƙon kiɗa a wayar ɗansa yana da ikon ya hana, amma zai fi amfani ya fara tambayar me waƙar ke cewa, da kuma me ke damun yaron da har ya sa yake samun sauƙi a cikinta. Hukumar da ke da ƙarfin kama matashi saboda askinsa ko rigarsa, tana da ƙarfin zuwa ta ƙirga ƙofofin ɗakin taro, ta duba na'urar kashe gobara, ta auna ƙarar lasifika kafin ta ba da izini. Aikin na biyu ba ya jawo tafi kamar na farko, amma tarihin shekara 55 na wannan kiɗa ya nuna cewa shi ne ke mayar da mutane gida da ransu da kuma jinsu.